Inna, Maiwarki Ta Yi Kudu

Zuwa ga mahaifiyata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki gaisuwar ɗiya ga uwa, da durƙuso har ƙasa kamar yadda kika koya mini. A wasiƙa akan tambayi lafiya da gajiya da ruwa, to ke shekara bakwai ke nan kin wuce waɗannan tambayoyi, sai dai in ce Allah Ya sa kina cikin ni'ima. Mu nan lafiya lau. Yaya Bawa yana Badarawa yana fama da gona da ciwon gwiwa. Ƙanwarki Inna Ige tana Zurmi, jiki ya tsufa, baki yana nan da ƙuruciyarsa. Ni kuma ina Kaura Namoda, ina koyarwa a makarantar 'yan matan da kika sani.

Ko kina raye sai an karanta miki wannan takarda, kuma na san wasu ne za su karanta ta a madadinki. Su karanta. Da ke nake. Na yi wani abu da kayanki ba da izninki ba, ba na kuma son in zo in same ki da maganar a cikina ban amayar ba.

Maganar maiwarki ce.

Kin sha gaya mana cewa gero ɗan gaggawa ne, wata uku ya gama abin da ya kawo shi. Maiwa kuwa ba ta san sauri ba. Sai ta ci marka, ta ga ƙarshen damina, ta sha raɓa, sannan ta yi ido. Taki ta fi ta kowa jinkiri a Badarawa, ta kuma fi ta kowa fari da zaƙi. Furarta ko ba nono tana shayuwa.

Ina ganinki da kaka, kafin a kai dammuna rumbu. Kina bi kina zaro zangarniya ɗaya-ɗaya, ki auna ta da damtsenki, ki murza da babban yatsa, wadda ba ta yi miki ba ki mayar. Ba kya yarda a sussuka su a turmin kowa. Da hannu kike murje su a faifai, ki cuɗa tsabar da toka, ki raba ta uku, kowane kaso a ƙulle cikin tsumma. Ki zuba a baƙin tulun nan mai tsaga a wuya, ki yaɓe bakinsa da laka.

Ina ƙarama na tambaye ki don me uku. Kika ce, “Guda na shibka. Guda na in shibka ta ƙi. Guda kau ba naku ba ne.” Na ce na wa ne? Kika ce, “Na wadda ba a haifa ba. Tashi ki ba ni wuri, kin cika tambaya awa alƙali.”

Doka biyu kika kafa a kan tulun nan. Ta farko, ba a binne da maiwa. Gero ne ake zuba wa a busasshiyar ƙasa kafin ruwa ya sauka, a rufe, a bar shi ya jira. Maiwa sai ƙasa ta jiƙu sosai. Ta biyu, irin nan ba a sayar da shi, ba a kyauta da shi, ba ya fita gida sai a cikin kayan ɗiya ranar da za ta ɗakinta.

Ni ma kin sa mini nawa a ƙarƙashin kwanoni. Kin san abin da na yi da shi. Amarya 'yar boko a gidan haya a Kaura, ba gona ba fili, na ga ƙullin tsaba, na wanke tokar na dama kunu. Da kika zo ganin ɗaki kika tambaya, na faɗa miki ina dariya. Ba ki yi dariya ba. Kika dube ni kika ce, “Ya yi daɗi dai ko, Malama Takarda?”

Shi ya sa na yi mamaki da kika kwanta ciwon ajali kika ce a ba ni tulun. Yaya ne manomi, shi ya dace. Kika ce, “Shi ya shibka, ke ki aje. Kin taɓa ɓata shi sau guda, ba ki sakewa.” Inna, kin yi mini zaton da ban cancanta ba.

Shekara huɗu muna bin tsarinki. Ruwa ya sauka in ba Yaya ƙulli guda, ya shuka a gonar bakin gari, tunda ta daji an bar ta saboda abin da ba sai na faɗa ba. Da kaka in je in zaɓi zangarniya da damtsena, in sabunta ƙulli uku, in yaɓe tulu. Amma kowace shekara abin zaɓar yana raguwa. Ruwan da kika sani mai zuwa da sallama ya tafi da sallama, yanzu ba shi da wannan ladabi. Ya makara, ya zo a fusace ya zubar da na wata guda a yini ɗaya ya kwashe kunya da taki, sannan ya ɗauke kamar an yi masa laifi.

Bara waccan ya ɗauke maiwar tana tsakiyar bununi. Karan ya fi Yaya tsawo, zangarniya ta fito doguwa, kyakkyawa, in ka hango daga hanya sai ka ce a kawo igiyar ɗauri. Na murza ta farko, ba komai. Na murza ta biyu. Na bi gonar nan kunya-kunya har la'asar, ban sami abin da zai cika tafin hannu ba. Na dawo Kaura ban buɗe tulu ba. Saura ƙulli biyu.

A nan ne ilimina ya motsa.

Kin san darasin da nake koyarwa, labarin ƙasa. Shekara ashirin da wani abu ina tsayawa gaban allo ina yi wa 'yan mata bayanin ɗumamar duniya. A littafinmu akwai hoton wata farar dabba a tsaye kan ƙanƙara mai narkewa, a wata ƙasa da ko a mafarki ba su taɓa zuwa ba. Ita nake nuna musu, su zana ta, su ci jarrabawa. Wata shekara wata yarinya 'yar Sakajiki mai suna Rabi ta ɗaga hannu ta ce, “Malama, to mu mi ya shafe mu da ƙanƙarar wasu?” Na ba ta amsar littafi, na ce ta zauna. Darasin yana cikin tulunki a ƙuryar ɗakina, ni ina can ina nuna hoton dabba.

Da na farga sai na yi irin farkawar mai ilimi, wadda ta fi barci haɗari. Na zauna na yi lissafi. Damina ta gajarta, maiwa tana son kwanaki masu yawa, to a ƙara mata kwanaki daga gaba: a binne ta tun kafin ruwa, digon farko ya same ta a ƙasa. A takarda abin ya yi kyau ƙwarai.

Bara da bazara na ɗauki ƙulli na biyu na tafi Badarawa. Yaya ya ce, “Inna ta hana.” Na ce Inna ba ta ga wannan zamani ba. Sai na ɗaga kai na ga shamuwa ta sauka kan tsamiyar ƙofar gida, tsuntsuwar da kike cewa in ta iso a gyara sungumi, ruwa yana bayanta. Na nuna masa na ce ga shaidar Inna nan da kanta. Kin ji abin da na yi? Na ɗauki alamarki na karya dokarki da ita. Yaya ya sauke numfashi ya ce, “To, Malama. Ke ad da takarda.”

Muka binne. Bayan kwana shida aka yi yayyafi, irin wanda ke tayar da ƙamshin ƙasa ya sa yara tsalle a waje. Ya isa ya tashe ta, bai isa ya riƙe ta ba. Ta fito, Inna. Yaya ya kira ni a waya, ya ce ta fito kore shar, layi-layi. Daga nan sama ta bushe. Kwana goma sha tara ina fita tsakar gida ina duban gabas. Shamuwar tana can Badarawa kan tsamiya tana gyara sheƙa. Ita ma an yaudare ta.

Da na je gonar, na durƙusa na taɓa tsiro ɗaya, ya murmushe a yatsana kamar zaren da ya ƙone. Na jira Yaya ya yi faɗa. Ya miƙo mini butar ruwa ya ce, “Sha, rana ta yi zafi.” Da ya zage ni da na fi samun sauƙi.

Ruwan gaske ya zo daga baya. Washegari sai ga Yaya a kan mashin a ƙofar gidana, ya zo karɓar ƙulli na uku. Na hana. Na ce lokaci ya ƙure, in an shuka yanzu ba za ta kai ba, kuma wannan kason ba namu ba ne. Ya tsaya a zaure ko zama bai yi ba, ya ce, “Kin kashe guda da ilimi, yanzu za ki kashe guda da rowa.” Ya tafi. Da salla bai zo ba, ni ma ban je ba. Ruwan ya sake ɗaukewa da wuri, wato na yi gaskiya, amma gaskiyar ba ta yi mini daɗin komai ba.

Inna, kin san ni da fushi, kin sha cewa da a ce ana girki da shi da ba mu sayi itace ba. Ina da shi har yanzu, sai dai na koyi zama da shi. Ina fushi idan na tuna ke duk rayuwarki hayaƙin da kika tayar bai wuce na kara da murhu ba. Ba ki da mota, ba ki taɓa shiga jirgi ba sai na ƙasa sau ɗaya, shi ma kika ce ya cika ƙara. Waɗanda suka ƙona man duniya suka cika sama da hayaƙi suna can cikin sanyin na'ura suna taro a kan lamarin, mu kuma a nan 'yan mata suna sumewa a aji ƙarƙashin rufin kwano. An taɓa gayyatarmu wani taron wayar da kai a otal. Wani saurayi mai ƙamshin turare ya ce manomanmu su “rungumi sauyi.” Na tambaye shi bambancin gero da maiwa, ya ce zai bincika ya dawo mini da amsa. Ina nan ina jira.

Ina fushi da masu cewa haka Allah Ya so su naɗe hannu. Allah Ya so, ba musu. Amma ba mala'iku ne suka sare gawon gonarki ba, kuma ba aljanu ke loda gawayi a manyan motocin da ke wucewa ta Kaura kullum ba. Sannan in na gama fushin sai in shiga kicin in hura gawayin da na saya da kuɗina. Wannan ma na faɗa miki, kada ki ce na ware kaina.

Bana da zafi ya fara, na fasa yaɓen tulun. Tsabar ta shekara uku ke nan a ƙulle, iri kuwa rai gare shi, yana tsufa. Na ƙirga ƙwaya ashirin na naɗe a jiƙaƙƙen tsumma na ajiye a gindin randa. Bayan kwana huɗu na buɗe, sha ɗaya sun tsaga. Na zauna a ƙasa ina kallonsu. In na ba Yaya, damina ta sake yi mana abin da ta saba, shi ke nan. In na mayar tulu na yaɓe, za ta mutu a hankali cikin toka, ni ina taƙama ina riƙon amana. Yaya bai yi ƙarya ba.

Na rasa wanda zan gaya wa, sai na shiga mota na tafi Zurmi wurin Inna Ige. Na same ta a inuwa tana tsinke zogale. Na zayyana mata komai tun daga binne, ina jiran ta tsine mini. Ta yi dariya har da tari. Ta ce, “Ke da karatunki duka, wa yac ce maki maiwar nan 'yar Badarawa ce? Uwarki daga nan Zurmi tat tahi da ita. Uwarmu kau daga arewa taz zo da ita, can hayin iyaka, garin da rijiyoyinsu sunka ƙahe anka watse. Ita ma a kayan aure anka sa mata. Tun da nis san maiwar nan gudun rana takai. Ku ne dai kunka ɗaure mata ƙafa.”

Ba ki taɓa gaya mini wannan ba, Inna. Ko kin gaya mini ina can ina karatun jarrabawa ban ji ba.

Na dawo ina juya maganar a mota. Dokarki ta ce iri ba ya fita sai da ɗiya. Ni kuwa ɗiyata ɗaya, jikarki Nafisa, tana Abuja a hawa na uku na wani bene, ko albasa ba ta da inda za ta soka. In na ba ta, na san ƙarshen zancen, jinin kunu ne.

Sati biyu bayan nan aka yi sallama a gidana. Rabi ce, yarinyar nan mai tambayar ƙanƙara, ta zama babbar mace da goyo. Ta zo ganin iyayenta a Sakajiki ta biyo ta gaishe ni. Tana aure a wani ƙauye a ƙasar Zazzau, gaba da Funtuwa, ita da mijinta noma suke yi. Na ga hannunta na san ba a baki take noman ba. Na tambaye ta damina. Ta ce su ma ta rikice musu, amma har yanzu takan kai su inda tamu ba ta kai mu, raɓa kuma tana sauka sosai.

Na ce mata tambayar da ta yi mini a aji ban ba ta amsa ba, yau zan ba ta. Na ɗauko tulun na ajiye a gabanta, na ba ta labarinki, da na kunun, da na binnen, ban rage komai ba. Na ce tun tana aji nake kiranta ɗiyata kamar yadda nake kiran sauran, amma yau ina so in faɗa da nufi. Ta sunkuyar da kai ta ce, “Malama, in ta ƙi fa?” Na ce in ta ƙi, ta ƙi a ƙasa, ya fi mata mutunci da ta ƙi a tulu. Na gaya mata dokokinki biyu. Na ce in Allah Ya sa ta yi, ta raba uku, na ukun na wadda take goye da ita ne.

Na kira Yaya. Na fara da cewa sanarwa ce ba shawara ba, sai na ji muryata irin ta ranar binne, na tsaya. Na ce, Yaya, na ɓata sau biyu, ina tsoron na uku, ga abin da nake gani, ga abin da Inna Ige ta ce. Ya ce, “Irin Inna a hannun baƙi.” Ya kashe waya.

Ranar da Rabi za ta koma, na sayi sabuwar ƙwarya, na sa ƙullin a ciki da tsummansa da tokarsa, na rufe da faifai, na ɗaure da sabon ɗankwali, yadda kika yi mini. Na raka ta tasha da hantsi. Ana ɗaure kaya a bayan mota sai na ji ƙarar mashin da na sani. Yaya ne, ya taso tun daga Badarawa a kan wannan hanya da gwiwar nan tasa. Bai dube ni ba. Ya miƙa hannu, Rabi ta ba shi ƙwaryar da hannu biyu. Ya kwance, ya buɗe ƙullin, ya sansana. Ya ɗauki ƙwaya biyu ya jefa a baki ya tauna a hankali, idonsa a ƙasa. Ni na san ba iri yake gwadawa ba.

Ya ɗaure da kansa ya mayar mata. Ya ce, “Ɗiyata, sai ruwa ya shiga ƙasa taƙi guda. Ki tona da hannunki ki gani, kada ki yarda da shamuwa. Kuma ko wagga Malamar taki ta zo maki da littafi goma, kada ki binne.”

Direba ya yi dariya, Rabi ta rufe baki da mayafi, ni ma na yi, har ban san lokacin da dariyar ta koma wani abu ba. Motar ta tashi. Yaya ya tayar da mashin ya ce, “Hau in kai ki gida, rana za ta kashe ki ki bar ni da tulu.” Na hau.

To, Inna, abin da na yi ke nan. Ban sani ba ko za ta karɓi ƙasar can. Wataƙila ruwan ya yi mata yawa, wataƙila tsuntsu ya cinye, wataƙila sha ɗayan nan su ne ƙarshen ƙarfinta. Bana Yaya gero mai saurin nuna zai shuka a gurbinta, kamar kowa. Ba za a ƙara shan furar maiwarki a Badarawa ba, wannan kam ban yafe wa waɗanda suka jawo ba, kuma na sa kaina a cikinsu daidai nawa kason. A aji na daina nuna hoton dabbar nan. Tulun nake kai musu, in ce su leƙa.

Ba komai a cikinsa sai ɗan ƙurar toka a gindi. Ban wanke ba. Da na sa kaina a bakinsa ƙamshin ɗakinki nake ji.

Ki yafe mini kunun. Ki yafe mini binnen. Na ukun kuwa, ina jin da kina nan da ke za ki ɗaure ƙwaryar, ki ce in tashi in ba ki wuri.

Allah Ya jiƙanki, Ya yalwata makwancinki, Ya sanyaya shi fiye da inuwar tsamiyar ƙofar gida. Allah Ya jiƙan uwarki da uwar uwarki da duk macen da ta taɓa ɗaukar wannan ƙulli a ka. Allah Ya ba mu ruwa mai albarka, mai zuwa a kan kari ya tafi a kan kari. Allah Ya sa ƙasar Rabi ta karɓi baƙuwarta, Ya raya yarinyar da ke bayanta har ta kai ranar da za a sa mata nata a ƙarƙashin kwanoni. Amin.

Wassalam.

Ɗiyarki mai yawan tambaya,
Malama Takarda,
Kaura Namoda.